Littafin takarda ko na waya, wanne za ki bi?

'Yan uwa mata nan Maradi sun dame ni da tambaya, wai tsakanin littattafan Hausa na takarda da ake kawowa daga Kano da waɗanda ake karantawa a waya wanne ya fi.

Wajen kuɗi dai na waya ya fi sauƙi, a Wattpad (manhajar karanta labarai a waya) da gurup na WhatsApp da yawa kyauta ne, sai dai marubuciya ta ja ki sai labari ya yi daɗi ta ce saura na kuɗi ne, kuma da naira ta asusun bankin Najeriya, ke kuma sefa ce hannunki sai kin nemi mai tura miki. Ga kiredi ga caji in kuran ya ɗauke.

Na takarda sau ɗaya za ki biya, tun shekarun 1980 ake buga su a Kano, kuma ko ba komai labarin ya kammala kafin ya iso hannunki, ba zancen marubuciya ta tsaya a tsakiya ta ɓace. Matsalarsa sabbi sun yi ƙaranci yanzu, kuma in aka ara da wuya ya dawo da bangonsa.

Abin da ya fi damuna da na waya rashin tacewa, akwai masu kyau sosai kan zaman aure da zawarci da talauci, amma akwai na batsa zalla, kuma yara na ɗaukar wayoyinmu.

Mai son sabon labari kullum kuma tana iya tantancewa, waya ta ishe ta. Mai son karatu a natse ta ajiye ta sake komawa, ta nemi na takarda.