Gargaɗi: Tsofaffin tayoyi ake shafa wa mai a sayar muku

Jama'a, don Allah duk mai mota ya karanta wannan, musamman 'yan uwana direbobin haya. Akwai masu sayar da tayoyin gwanjo da suka mai da ha'inci sana'a. Taya ce ta gama aiki a Turai ko ta shekara da shekaru a jibge, sai a wanke ta, a shafe ta da baƙin mai da aka juye daga inji, wani lokaci a sirka da kananzir. Ta fito baƙa wuluk tana sheƙi, a ce maka "Alhaji, wannan ko kwalta ba ta taka sosai ba."

Na ga irinta da idona a wurin mai faci. Wani bawan Allah ya kawo guda biyu a ɗaura masa, yaron shagon ya sa tsumma da ruwan omo ya goge gefen ɗaya. Sai ga tsaga ƙanana birjik a jikin robar, kamar faso a ƙafa lokacin hunturu. Man ne ya cike su. Kuma man fetur da danginsa cin roba suke, wato abin da aka shafa don a rufe aibin ƙara lalata ta yake. Wannan tayar mutum zai ɗora wa fasinja ya hau hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin zafin watan Afrilu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Wasu har zanen tayar da ya sude suke sake yankawa da wuƙa mai zafi don ya yi zurfi, alhali robar da ta rage a kan wayar da ke cikin tayar ba ta da kauri.

Kafin ka biya, ka sa a goge maka gefen tayar, ka tankwasa robar da hannu ka duba. Sannan ka nemi rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar. Lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwar taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai suke, don haka a juya maka ita. In lamba uku ka gani, an yi ta tun kafin 2000. In wurin ya yi kamar an kankare shi, ko lambobin sun bambanta da sauran rubutun, ajiye ta ka yi gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana jan kunne a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, kuma zurfin zane bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba.

Irin wannan haɗin na baƙin mai da kananzir ne kuma ake zubawa a gorar ruwa marar suna a sayar a matsayin man ƙyallin taya. Kar ka bari a wurin wankin mota a shafa maka shi, ko a taya ko a robar ƙofa, don roba takan kumbura ta yi danƙo ta riƙa kama ƙura. In ya taɓa inda taya ke taka ƙasa kuwa, santsi ne. Ruwa da sabulu da buroshi sun isa.

Wanda aka riga aka cuta ya riƙe rasit in an ba shi, ya ɗauki hoton tayar da lambarta, ya kai ƙara ofishin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC mafi kusa.