Na Haidin ko na Mozat, wanne zaka fara ji?

Ɗan uwa ka tambaya cikin kiɗan goge huɗu na Haidin da ake cewa na Sarki (Op. 76 lamba 3) da na Mozat (K. 465) wanne ya kamata sabon shiga ya fara saurara. Su biyun marubuta kiɗa ne na ƙasar Ostiriya, Op. da K. ɗin kuma lambobin jerin ayyukansu ne. Ni dai amsata Haidin, amma tsaya kaji dalili.

Kayan kiɗansu iri ɗaya ne, gogen Turawa ne duka, bayolin biyu masu siririyar murya, biyola ɗaya mai matsakaiciya, sai celo mai ƙatuwar murya, kuma kowanne kashi huɗu ne. A hali suka rabu.

Na Mozat ya girme shi, ya gama shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a Janairun 1785, shine na ƙarshe cikin guda shida da ya sadaukar wa Haidin ɗin kanshi. Farkonsa ne abin magana, celo ke ta nanata sauti ɗaya can ƙasa ƙasa, biyola ta shigo, bayolin na biyu ya biyo, sai na farko ya faɗo da wani sauti da zaka rantse kuskure yayi, wajen minti biyu kana zaune baka san ina aka dosa ba kamar mai lalube cikin duhu, kwatsam sai gari ya waye kiɗa ya sake yayi fes. Ni ranar da na fara ji wallahi na ɗauka basu gama saita tsirkiya bane. Kuma ko bayan ya warware akwai wata 'yar damuwa dake bin ƙasansa, bata barinsa gaba ɗaya.

Haidin kuwa dattijo ne lokacin, ya haura sittin da ya rubuta nashi a 1797, kuma baya wahalar da kunne. A kashi na biyu ya ɗauko waƙar da yayi wa Sarki Faransis na biyu mai mulkin Ostiriya a lokacin, wadda daga baya a 1922 Jamus ta ɗauki karinta ya zama taken ƙasa, to in kana kallon ƙwallonsu ka riga ka santa ma. Abin da ke burge ni shine bai taɓa karin ba ko kaɗan, miƙa shi kawai yake hannu zuwa hannu, bayolin na biyu ya rera, celo ya karɓa, biyola ta karɓa, na farko ya rufe, sauran suna yi masa ado a gefe. Sau huɗu kenan zaka ji abu ɗaya da murya daban daban, kafin a gama ka iya bambance su huɗun da kunnenka, kuma wannan shine abin da sabon shiga yafi buƙata. A kashin farko ma akwai inda celo da biyola suke riƙe sauti ɗaya suna gurnani, ya koma rawar ƙauye sak.

In zurfi ake magana ni na Mozat na fi komawa, ba ƙarya. Amma sai ka san muryar kowa zaka gane me yasa buɗewar nan tasa ke tada tsikar jiki. Ka yi sati da Haidin tukuna, kuma dan Allah da iyafis, sifikar waya cinye celo take.