Hattara da mai tallar "boa ɗan haɗi" a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'ar Yamai, don Allah ku tura wanga saƙo gaba, musamman ga samarinmu masu sha'awar kiwo. Akwai wani mutum da ke yawo cikin gurup-gurup na WhatsApp da Facebook shina tallar macizai, wai shina da boa ɗan haɗi, uban boa ne daga Amurka ta Kudu uwar kuma mesa ce irin tamu, wai a gidan gonarshi na Lome ya haɗa su, in ka saya ka kiwata Turawa za su zo su saye ƴaƴan da kuɗin Yuro. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta.

Boa da mesa ba dangi ɗaya ba ne, kama ce kawai, duka biyun ba su da dafi, nannaɗe abu suke su matse shi. Amma mesa ƙwai take yi ta kwanta kanshi har ya ƙyanƙyashe, ita kuwa boa haihuwa take, ƴaƴa su fito da ransu. To ta ina za a haɗa su? Ku tambayi kowane gardi abin da ya sani game da ƙwan mesa, zai faɗa muku.

Ɗan yayata ne ya faɗa hannun wanga mai tallar. Da farko kafin alƙalami jika 50, sai aka ce kaya sun maƙale a Gaya sai an biya duwan, ya tura, sai kuma wai kuɗin takarda, ya sake turawa, yaro har wayarshi ya sayar ba wanda ya sani a gida. Abin da ya iso tasha kwalin taliya ne an huda mishi ramuka, ciki ƴar ƙaramar mesar nan ce mai dunƙulewa ta ɓoye kai in ta ji tsoro, wadda ake kamawa a Togo da Benin da Gana, ta rame, hancinta duk ya goge ya yi ja saboda neman hanyar fita, ga kaska maƙale ƙarƙashin ɓawonta. Daga daji aka ɗauko ta. Da ya kira, lambar a kashe.

Abin da ke sa mutane su yarda, akwai ƴar gaskiya da ya raɓe bayanta. E, masu kiwo a Turai da Amurka suna haɗa boa da boa, misali Boa constrictor mai jan wutsiya ta Surinam da Giyana da kuma Boa imperator ta Amurka ta Tsakiya, suna haihuwa kuwa. Sai dai ko can rigima ake a kai. Da yawa cikin masu kiwon na gaskiya ba su so, don da zarar an gauraya shi ke nan asalin ya ɓace, ba mai iya raba shi kuma, wani ya sayar a matsayin tsantsa alhali ba haka ba ne, kuma irin wannan ba a maida shi daji. Masu neman tsantsar iri ba su ma kallon ɗan haɗi. To ku duba, abin da wanga mutum ke cewa shi ne tsadar hajarshi, shi ne abin da masu sanin kan harkar ke gudu. Ni a ganina ma ba daidai ba ne ka gauraya halittar da Allah ya raba wa ƙasashe don kawai launi ya yi kyau a hoto, dabba ce fa mai rai da kan yi shekara 20 zuwa 30, wa zai riƙe ta in sha'awa ta wuce?

Ga kuma ciwo. Akwai wata cuta da ake kira IBD, boa kan ɗauke ta ta daɗe ba alama, amma in ta kama mesa da wuri take kashe ta, kuma ba ta da magani. Wanda ya san haka ba zai zuba su akwati ɗaya ba.

Batun takarda kuwa, boa da mesa duk suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kuma Nijar tana ciki tun 1975, ba a ƙetara iyaka da su sai da izinin hukuma, ba hoton takarda da za a turo maka a waya ba. In aka kama kayan kai ne a ciki, shi ya ɓace.

Kada ku tura ko dala. Hotunan da shike sakawa na intanet ne, ku ce ya yi muku bidiyo kai tsaye riƙe da macijin ku ga yadda zai fara kame-kame. Wanda ya riga ya tura, ya adana rasit da saƙonnin murya ya kai komisariya, kar kunya ta hana shi. In kuma maciji ya riga ya iso gidanka, don Allah kar ka sake shi cikin unguwa ko bakin kogi, ka nemi ma'aikatan gandun daji su karɓa.