Wurin saida furanni a GRA Kaduna, ga yadda na gani

Gaskiya masu saida shukar nan na bakin titi sun iya aiki, na sayi bougainvillea da hibiscus da wata 'yar fulawa mai ja, duk a leda baƙa, kuma mutumin ya gaya min in jira sai damina ta kusa kafin in dasa a ƙasa saboda zafin Maris da Afrilu yana ƙone ƙananan tsiro. Bougainvillea kam ba ta son ruwa da yawa, in ka cika mata ruwa ganye kawai za ta yi ba fure. Farashi dai sai ka yi ciniki sosai, wallahi suna ɗan zuga kuɗi. Taki kuma da suka ba ni bai gama ruɓewa ba.