Buga zanen gida kai tsaye daga AutoCAD: yadda firintar A3 ta yi mini

Sana'ata zana wa magina taswirar gida, a wani ƙauye da ke gefen Ringim. A da in na gama zane a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, sai in mayar da shi PDF in tura wani shagon kwamfuta a cikin gari. Yaron shagon kan bar firinta ta matse zanen yadda ta ga dama, ma'auni ya tashi aiki. Shi ya sa na daure na sayi firinta mai tankin tawada wadda ke cin takarda A3, na jona ta da laftof.

Dalilin A3 kuwa, filayenmu yawanci ƙafa 50 ne a 100, wato kusan mita 15 a 30. A ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a takarda a madadin mita ɗaya a fili, tsawon filin zai ci santimita 30, ita kuwa A4 iyakarta 29.7. Da ƙiris ta gaza! A3 mai santimita 42 tana ɗauke filin har da wurin rubuta sunan mai gida.

Yanzu daga cikin AutoCAD nake danna Ctrl+P, in cire alamar da ke kan Fit to paper (zaɓin da ke matse zane ya cika takarda), in sa ma'auni da hannuna. Nan kuɗina ya fita. Ɗaki mai ƙafa 12 yana fitowa santimita 3.6 da ɗoriya a takarda. Wani dattijon magini ya ɗora tef ɗinsa a kai, ya duba, ya ce, "Malam, yau dai takardarka ta yi gaskiya." Har kaurin bango ana bambancewa, na bulo inci 9 da na inci 6.

Sai a kula da launi. Layi ruwan ɗorawa da ke haske a baƙin allo, a farar takarda da ƙyar ake ganinsa. Zaɓar monochrome.ctb, wani tsarin launin bugu da ke cikin AutoCAD, na mayar da komai baƙi.

Wuta ba ta dame ni ba, ƙaramar sola ta gida na riƙe ta.

Inda ta ba ni haushi: tawadar ba ta jure ruwa. Lebura ya taɓa takarda da jiƙaƙƙen hannu, lambobi su narke, dole nake sa kowace a leda. Lokacin hunturu kuma, in ta kwana biyu ba a yi bugu ba, ƙura da bushewa kan toshe bakin tawadar, layuka su fito a yanke-yanke, sai an ɓata tawada wajen wanke shi. Takardar A3 ma sai na yi saƙo Kano.

Mai zanen ƙofa da taga na walda, A4 ta ishe shi, kada ya ɓata kuɗinsa.