Sharhi Kan Aikin Lissafin Rezistar Janaretan Ko-ta-kwana

Kamfanin da muka ɗauka ya lissafa mana girman rezistar (na'urar da ke rage ƙarfin kwararar wutar lantarki) da ke haɗa nutural ɗin janaretanmu (mahaɗar tsakiya ta layukan wutarsa uku) da ƙasa, kuma aikin ya gamsar da ni. Janaretan mai bolt (ma'aunin ƙarfin lantarki) 11,000 ne tsakanin layi da layi, don haka injiniyan ya raba adadin da 1.732 ya samu kusan bolt 6,350 tsakanin layi ɗaya da nutural, sannan ya taƙaita wutar da za ta kwarara idan wayar wuta ta taɓa ƙasa zuwa amfiya (ma'aunin kwararar wuta) 100, wato idan aka raba 6,350 da 100, rezista mai om (ma'aunin girman rezista) 63.5 wadda za ta jure zafi na daƙiƙa 10. Bai tsayar da magana ba sai da ya auna tsawon kebul ɗinmu, ya kuma tabbatar na'urar kariya za ta katse layi tun rezistar ba ta ƙone ba. Takardun lissafin ne kawai suka makara.