Keke ko takalmin gudu? Amsa ga ƙaninmu mai kuɗin riɗi

Ƙaninmu na wajen Kiyawa ya jefo tambaya cikin zauren nan. Ya sayar da riɗinsa, ya ware 'yan kuɗi gefe, kuma abu biyu ke ransa: hawan duwatsu da abokansa kafin kaka ta wuce, da shiga tseren kilomita 10 da ake haɗawa da gudun famfalaki na Legas a watan Fabrairu. Shin ya sayi keke mai giya ya riƙa atisaye da shi, ko ya sayi takalmin gudu ya ajiye ragowar don kuɗin mota? Ya ƙara da cewa akwai tsohon keke Phoenix na mahaifinsa jingine a zaure, kuma gwiwarsa ta dama takan yi masa tsami in ya yi gudu a kan kwalta.

Ƙanena, ka sayi takalmi, ka tura Phoenix ɗin nan wurin mai gyara. Ba don na raina keke ba, ni kaina ina hawa. Dalilin shi ne kowannensu da aikin da yake yi wa jiki, kuma tseren da ka sa a gaba da ƙafa ake yin sa.

Ta fuskar numfashi, keke da gudu kunnen doki suka yi. Zuciya da huhu ba ruwansu da ko feda kake murzawa ko ƙasa kake taka, in dai ka daɗe kana aiki har gumi ya karyo, za su ƙara ƙarfi. Mutumin da ya saba kai kaya kasuwar Shuwarin a kan keke ya dawo, ba zai yi haki da wuri ba in ya fara gudu. A nan kuma tarkon yake. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa na karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku, kuma a kilomita 10 za ka dira a ƙasa sau dubbai, wajen 8,000 ko fiye. A kan keke sirdi ne ke ɗauke da kai, ƙafa juyawa kawai take yi. Ƙashin ƙwauri da agara da tafin ƙafa ba sa koyon wannan duka sai an yi musu shi a hankali, kuma sun fi huhu jinkirin sabawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa gwanin keke in ya koma gudu yakan ji numfashinsa na cewa ƙara wuta, ya biye masa, bayan mako biyu ya wayi gari ƙwauri na zugi ko dunduniya ta ƙi taka ƙasa da safe. Numfashin bai yi ƙarya ba, ƙafar ce ba a shawarce ta ba.

Maganar gwiwa kuwa, keke ne ke da nasara, ba gardama. Tunda taka na tsami, ranakun da ba ka gudu ka riƙa hawa, zai ƙarfafa maka cinya ba tare da dukan gaɓa ba. Sharaɗi ɗaya ne: ka ɗaga sirdi. Yawancin kekunan ƙauyenmu sirdinsu a ƙasa yake don yara su samu su kai, sai ka ga babban mutum na tuƙi gwiwoyinsa na neman taɓa ƙirjinsa. Wannan shi ma ciwon gwiwa yake haifarwa. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Sannan ka rabu da kwalta. Muna da burji, muna da hanyoyin gona da shanu da amalanke suka daddale, sun fi sauƙi ga gaɓoɓi, ga shi ba tirela. In kuwa gwiwar tana kumbura, ko tana sarƙewa, ko ciwon na tashinka daga barci, wannan ya wuce shawarar zaure, ka je asibiti a duba.

Wajen cin lokaci gudu ya fi araha. Masu horarwa kan ƙiyasta cewa sai ka yi kilomita uku a keke kafin ka biya kilomita ɗaya na gudu, ƙiyasi ne dai, ya danganta da hanya da iska. Minti 40 bayan sallar asuba ya ishi mai gudu, ya dawo ya yi wanka ya tafi sabgarsa. Amma keke na da wata dabara da gudu ba shi da ita: atisayensa na ɓuya cikin hidima. Ka je ɗaurin aure ƙauyen gaba, ka kai niƙa, ka duba gona, duk lissafi ne. Ba kuma mai tare ɗan keke ya tambaye shi ko lafiya. Mai gudu a ƙauye kuwa sai ya sha "Malam, wa ya biyo ka?" daga bakin tsofaffi, ga yara a baya suna ihu, ga karnukan ruga. Makonnin farko ne kawai, daga baya su ne za su tambaye ka in ba su gan ka ba. Ka dai sa dogon wando mara nauyi, ka yi sallama in ka zo wuce majalisa, ka ga ko wani zai ƙara magana.

Sai kuɗi, inda ra'ayina ya fi tsauri. Keke mai giya na gwanjo abin sha'awa ne ranar da aka saye shi. Matsalar tana zuwa ranar da abin canza giyar ya lanƙwashe, mai gyaran garinku ya juya shi ya ce sai an aika Kano. In kuma aka yi rashin sa'a ka ɗauko mai siririyar taya irin ta 'yan tsere, to tsidau da ƙayar aduwa za su mai da kai abokin cinikin mai faci na dindindin, rairayin Jigawa kuma ya riƙa sauke ka kana turawa. Phoenix fa? Kowane mai gyara a ƙarƙashin kowace bishiya ya san cikinsa, sarƙa da boris da robar birki duk ana samu ranar kasuwa, nauyinsa kuma ga mai neman ƙarfi riba ce. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka canza masa taya da tub, a ɗaure birki, a zuba mai, ka sayi famfo ka ɗaure a jiki.

Takalmi kuma ba sai sabo dal ba. A Ƙofar Wambai ana samun na gwanjo masu kyau in ka iya zaɓe. Kada kyan sama ya ruɗe ka, ka juya shi ka duba ƙasan: in gefe ɗaya ya cinye, ko ka danna katifar ka ji ta mutu, ajiye shi. Masu yin irin waɗannan takalman kan ce ƙarfinsu na ƙarewa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kai kuwa ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, da safa a ƙafarka, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Na san wani zai kawo zancen Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun famfalaki a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne. Amma shi bai bi ta gonar da aka gama girbe gero aka bar kututture da ƙarangiya ba.

Yanzu dutse. Hawa da sauka abu biyu ne daban, kuma a nan ne za ka ga bambancin keke da gudu da idonka. Wajen hawa ɗan keke sarki ne, domin cinyar da ke tura feda ita ce ke ɗaga mutum daga wannan dutse zuwa wancan. Wajen sauka sai labari ya canza. Cinya na aikin birki, tana riƙe nauyinka a kowane taku, aikin da keke bai taɓa koya mata ba. Ciwon ba ya zuwa ranar, sai washegari ko jibi, lokacin da durƙusawa don alwala zai zama aiki. Mai gudu ya fi jure wannan saboda ƙafarsa ta saba dira. Maganinsa kuwa sauka a hankali da gajerun taku, da maimaitawa. Bayan fita ta biyu ko ta uku jiki kan daina ƙorafi.

Ba sai kun yi nisa ba. Duwatsun Dutse na kusa da ku, ku tafi a kan kekuna da sassafe, ku bar su a gidan wani, ku hau da ƙafa, ku sayi dabino ku dawo. Rana ɗaya ta haɗa muku duka biyun. Birnin Kudu ta fi cancantar a ba ta yini guda, saboda ban da hawan akwai zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Kayan tarihi ne da hukuma ke kula da su, ku nemi mai kula da wurin ya shige muku gaba, kada wani ya ce zai rubuta sunansa da gawayi. Dala da Gwauron Dutse a cikin birnin Kano gajeru ne, amfaninsu ga mai atisaye shi ne a hau a sauko a sake hawa. Masu tsayi na gaske a ƙasar Kano suna can kudu, wajen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka yi haƙar kuza. Sai dai hanyar ta ratsa dajin Falgore, don haka wannan ba tafiyar da za ku yanke a majalisa ku tashi ba ce. A tambayi mutanen yankin halin da hanya ke ciki a wannan makon, a yi ta da rana, a kuma gaida dagaci kafin a hau.

Kaka na da daɗin hawa, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba, daga sama kana hango gonaki har inda ido ya tsaya. Amma lokacin macizai ne, ciyawa ta yi tsayi, kububuwa da kasa na kwance inda ba a zato. Kada ka zura hannu cikin kogon da ba ka ga cikinsa ba, kada ka hau da silifa, ka riƙe sanda. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga ba tsotsa ba ɗaure da igiya, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti. Falalen dutse kuma da raɓar safe santsi gare shi fiye da yadda yake nunawa.

Kada dai ka sa ran duwatsunmu su yi maka abin da tudun Kenya ke yi wa su Eliud Kipchoge. Garin Iten, inda 'yan gudunsu ke taruwa, yana kan tsayin mita 2,400 daga teku, Jos na wajen 1,200, shi ya sa 'yan Filato, musamman na Pankshin, suka yi fice a gudun nesa a ƙasar nan. Mu a nan ba mu kai 500 ba a yawancin wurare. Gangara muke samu a dutse, ba ƙarancin iska ba, ita ma kuma ba ƙaramar riba ba ce.

Da hunturu ya shigo, ni na fi karkata ga gudu. Sanyin asuba shi ne lokaci mafi daɗi a duk shekara ga mai gudu, alhali ɗan keke iska na yanka masa yatsu da kunne, kuma ranar da hazo ya yi kauri hawa babban titin Kano zuwa Maiduguri ganganci ne, direba ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. Ranar da ƙura ta yi yawa har kana jin ta a haƙori, ka huta, musamman in kana da asma. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, keke ke karɓar ragama domin iskar tafiya na ɗan sanyaya jiki, gudu sai dai kafin fitowar rana. Damina ba ta buƙatar dogon tsari, fartanya ta ishe ka, sai ɗan gudu jefi-jefi don kada ƙafa ta manta.

Daga yanzu zuwa Fabrairu ga yadda zan raba maka mako: gudu sau uku, ba a jere ba, keke sau biyu, Juma'a hutu, ranar da ta rage ko dutse ko barci. Ka fara da haɗa gudu da tafiya, minti biyu wannan minti ɗaya wancan, cikin saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. Gudu ɗaya a mako ya riƙa tsawo kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 10 ko 12 a tsakiyar Janairu, sannan ka sassauta a mako biyun ƙarshe. Zazzaɓin ƙarshen damina in ya kama ka, sai ka gama magani ka warware kafin ka koma. Kada kuma abokai su zuga ka ka rubuta sunanka a na kilomita 42 bana. Wannan kamar daga Kano zuwa Wudil ne a ƙafa, ba aikin wata uku ba ne.

Legas, wadda ta fara wannan gasa a 2016, za ta ba ka mamaki ta wajen iska. Kai da ka yi atisaye cikin busasshen sanyin hunturu za ka tarar da zafi mai damshi, gumi na zuba ba ya bushewa. Ka rage sauri a kilomita ukun farko ko da kowa na wuce ka, ka kurɓi ruwa a duk inda aka miƙo. Takalmin da ka yi wata uku da shi, shi za ka sa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba kalanda tun yanzu, domin a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa kusa da wannan lokaci. Tafiyar mota daga nan ta haura kilomita 1,000, ƙafa kan kumbura a zaune, saboda haka ka isa da kwana biyu a hannu, ka kuma nemi masauki wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba kafin ka yi rajista. In ka dawo gwiwar ba ta yi ƙorafi ba, akwai na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo wajen watan Mayu, hanyarsa hawa da gangara ce, a can ne duwatsun da ka hau da kaka za su yi maka rana. Kuɗin keke mai giya kuma ka bari sai riɗin baɗi, lokacin ka san irin tayar da hanyarku ke so.